Motar Malami da Abin da Za Mu Iya Yi Mata a Ƙofar Gida

(Jawabin da malaman sashen kanikanci suka gabatar a taron reshe)



An nemi mu da ke koyar da aikin mota a makarantun fasaha na wannan yanki mu yi bayani a kan abin da mai mota zai iya yi wa motarsa da hannunsa. Mun karɓi aikin da farin ciki, domin magana ce da ta shafi aljihun kowa a nan. Duk wanda ya ratsa filin ajiye motoci kafin ya shigo zauren nan ya ga abin da malami ke hawa: Golf 3, Peugeot 406, tsofaffin Corolla da Honda, motocin da suka gama hidimarsu a Turai ko Amurka kafin su biyo ta Kwatano su iso hannunmu. Har yanzu ma akwai mai riƙe da 504 irin wadda aka harhaɗa a Kaduna, inda kamfanin Peugeot ya fara aiki a 1975. Yawancin motocin nan sun girmi ɗaliban da muke koyarwa. Da adashi ko bashin ƙungiyar taimakon juna aka saye su, kuma ba mu san wanda ke da shirin canzawa nan kusa ba.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin kwanaki kaɗan, daga nan kuma ta ci gaba da hawa. Faɗuwar darajar naira ta biyo baya, ta tafi da farashin kayan gyara, domin kusan duk abin da ake sayarwa a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna daga waje ake shigo da shi. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 bai cim ma wannan gudu ba. A yau idan injin motar malami ya buga, magana ake yi ta albashin watanni, kuma sau da yawa ƙarshenta shi ne a jingine motar a gindin bishiya, kaji su mayar da ƙarƙashinta wurin hutawa.

Abin da muka zo faɗa guda ɗaya ne. Mafi yawan gyaran da ke karya mai mota ƙaramin abu ne ya haife shi, abin da ido zai iya gani da an ɗaga bonet, kuma ganinsa ba ya bukatar sufana. Mota ba ta mutuwa ba tare da ta yi ƙorafi ba. Takan ɗiga mai a inda ta kwana, takan canza murya, takan kunna fitila a gaban direba. Aikinmu shi ne mu koyi jin wannan ƙorafi, mu yi abin da ke cikin ikonmu, mu kuma san iyakar da za mu tsaya mu miƙa wa masu sana'a.

Mu fara da baƙin mai. A cikin inji ƙarfe ne ke gudu a jikin ƙarfe sau dubbai a minti guda, kuma abin da ke raba su shi ne ɗan siririn mai da bai kai kaurin takarda ba. Idan man ya ragu, ko ya tsufa ya rasa santsinsa, ƙarafan sai su fara cin juna. Duba shi aikin minti biyu ne. Da safe kafin a tayar da mota, tana tsaye a wuri mai daidai, a zaro sandar awon mai, a goge ta da tsumma, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa. Akwai alama biyu a bakinta, ana so man ya tsaya tsakaninsu. A motoci da yawa tazarar alamomin nan kusan lita ɗaya ce, saboda haka wanda ya ga mai ya sauka ƙasa kada ya juye galan guda. Mai idan ya yi yawa shi ma illa ne, yakan yi kumfa ya kuma tura ta jikin robobi.

Baƙin launi kaɗai ba abin tsoro ba ne, aikin man ke nan ya kwashe datti. Abin tsoro shi ne a ga ya koma kamar shayi mai madara, ko a ga irin wannan kumfa a ƙarƙashin murfin zuba mai tare da raguwar ruwan lagireto. Wannan alama ce ta ruwa ya sami hanyar shiga mai, galibi ta gaskit da ya ƙone. Ranar da aka ga haka, motar ba ta zuwa makaranta.

Game da juye, shawararmu a irin ƙurar da muke ciki da gajerun tafiye-tafiyen da muke yi ita ce kada a wuce kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, kuma a canza filtar mai a kowane juye. Wanda ya zuba sabon mai ya bar tsohuwar filta kamar wanda ya yi wanka ne ya mayar da rigar da ya yi noma da ita. Juye abu ne da za a iya yi a gida: a ɗan ɗumama inji, a kashe, a tara roba, a kwance notin ƙasa, a bari ya tsiyaye, a mayar da notin ba tare da an matse shi da ƙarfin tsiya ba. Sabuwar filta a shafa wa zoben robarta ɗan mai, a ɗaure da hannu kawai. Bayan an zuba mai a tayar da mota minti ɗaya ko biyu, a leƙa ƙasa ko akwai ɗiga, a kashe a sake awo.

Amma ko da a gareji za a yi, mu roƙi 'yan'uwa abu biyu. Ku sayi man da kanku a galan mai hatimi daga wurin da kuka amince da shi, ku kuma tsaya a buɗe shi a gabanku. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ba wanda ya san asalinsa, kuma araha ba ta ado. Sannan ku san lambar man da injinku ke sha. Al'ada ta sa an ɗauka 20W-50 shi ne man kowace mota, alhali an yi shi ne don tsofaffin injina masu faɗin rami. Lambar farko mai harafin W tana nuna kaurin man lokacin da inji ke da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan ya yi zafi. Injinan da suka zo daga baya suna da ƙananan hanyoyin mai, da yawansu 5W-30 aka rubuta musu, kuma mai kauri yakan makara kafin ya isa saman inji da safe. Lambar tana cikin littafin motar, wani lokaci ma a kan murfin zuba mai. Mu da muke hana ɗalibi amsa tambaya kafin ya karanta umarni, bai kamata a same mu da wannan laifi ba.

Idan jar fitila mai siffar butar mai ta kama ana cikin tafiya, a gangara gefe a kashe inji nan take. Ba a cewa bari in ƙarasa gida. Tsakanin kamawar fitilar nan da bugawar inji wani lokaci minti kaɗan ne.

Yanzu sai zafi, kuma a nan za mu ɗan daɗe, domin a ganinmu zafi ya kashe injina a ƙasar nan fiye da kowane abu. A watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri, ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a inuwa. Inji kuwa an tsara shi ya yi aiki a wajen digiri 90, wato dab da inda ruwa ke tafasa. Abin da ke hana shi tafasa shi ne murfin lagireto. Mutane na kallonsa kamar murfin kwalba, amma akwai sifirin a cikinsa da ke riƙe matsi, kuma matsin nan ne ke ɗaga wurin tafasar ruwa zuwa kusan digiri 120. Idan robar murfin ta tsage ko sifirin ya saki, ruwa sai ya riƙa tafasa da wuri yana ficewa, mai mota yana ta ƙari kullum yana zargin lagireto. Sau nawa aka sauke lagireto aka wanke, aka canza famfon ruwa, alhali maganin murfi ne da bai kai kuɗin mudun shinkafa biyu ba.

Wannan matsi shi ne kuma dalilin da ya sa ba a buɗe murfin inji na da zafi. Da zarar an sassauta shi, ruwan da ya wuce digiri 100 zai tafasa gaba ɗaya ya yi tsartuwa a fuska da hannu. Asibitocinmu sun sha karɓar masu irin wannan ƙuna. Da safe ake duba ruwa, inji na sanyi. A lokacin ne kuma za a matsa manyan tiyo biyu na lagireto da hannu. Wanda ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya, ko ya bushe yana tsagewa, ko ya kumbura kusa da maɗauri, ranarsa ta kusa, kuma ya fi kyau a canza shi a gida da a canza shi a dajin Falgore.

Ruwan da muke zubawa ma abin dubawa ne. Kowace uwargida ta san farin abin da ke daskarewa a gindin butar dafa ruwa idan ana amfani da ruwan burtsatse. Shi ne yake daskarewa a cikin ƙananan bututun lagireto, ga kuma tsatsa da ruwa tsura ke jawowa. Ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa yana ɗauke da maganin tsatsa kuma yana ƙara jinkirta tafasa. Wanda zai fara amfani da shi ya sa a wanke lagireto tukuna. A kuma ɓoye ragowarsa nesa da yara da dabbobi, domin yana da zaƙi a baki kuma guba ne mai lalata ƙoda.

Akwai wata al'ada da muke so mu yi magana a kanta ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Mota na isowa daga Kwatano, abu na farko da ake ba mai ita shawara shi ne a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai an yi su ne don ƙasashen sanyi. Ba mu yarda da wannan ba. Tamostat ƙofa ce da ke rufe hanyar ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, sannan ta buɗe. Idan aka cire ta inji yakan daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar motar kuma tana ganin sanyi sai ta ci gaba da ba shi mai fiye da kima. Sakamakon shi ne ƙarin shan fetur, fulogi masu baƙi, da fetur da ke wanke man jikin silinda. Motocin nan ana hawansu a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu. Idan mota na zafi, akwai dalili: lagireto ya toshe, ko fanka ba ta tashi, ko murfi, ko famfon ruwa, ko ita tamostat ɗin ce ta maƙale, sai a sa sabuwa. Cire ta rufe bakin mara lafiya ne don kada a ji nishinsa.

Idan kuwa allurar zafi ta nufi ja ana kan hanya, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a tsaya, a kashe inji, a ɗaga bonet a jira aƙalla rabin awa. Kada a watsa wa inji ruwan sanyi. Saman injin yawancin motocinmu na alminiyam ne, yana lanƙwashewa, daga nan sai gaskit, sai sauke inji. Rabin awa a gefen titi ya fi wata uku a gareji.

Ƙura ba ta bukatar dogon bayani ga wanda ya san hunturu. Inji na shaƙar iska mai yawan gaske, kuma filtar iska ce kaɗai ke tsakaninsa da yashi. A buɗe akwatinta, yawanci maƙalai ne ko ƙusoshi huɗu, a ciro ta a kakkaɓe a hankali, a ɗaga ta a rana. Idan haske ba ya ratsawa, a canza. Ta takarda ba a wanke ta da ruwa. Wanda kuma ya cire ta gaba ɗaya don mota ta ƙara gudu, ya sani yashin da ke shiga yana goge ringi ne kamar yadda ake wanke tukunya da toka, kuma shuɗin hayaƙin da zai gani a salansa bayan wani lokaci shi ne rasit ɗinsa. Tun da mun ambaci hayaƙi: shuɗi na nufin inji na ƙona baƙin mai, baƙi na nufin fetur ya yi yawa, fari mai kauri da ba ya yankewa bayan mota ta ɗumama kuma ruwa ne ke shiga silinda.

Batir shi ne ya fi kunyata malami, domin yakan zaɓi safiyar Litinin ko ranar jarrabawa. Sau da yawa batirin lafiyarsa lau, kawunansa ne suka yi wannan farin gari ko kore. Magani yana cikin kicin: a jiƙa kanwa a ruwan ɗumi, a cire wayoyin, a wanke kawunan da tsohon buroshi, a goge, a mayar a ɗaure tamau, a shafa ɗan basilin. Garin nan ragowar asid ne, kanwa kuma tana kashe kaifinsa. A kula kada ruwan ya shiga cikin batirin, kada kuma ya taɓa ido. Wajen cirewa a fara da waya mai alamar ragi, wajen mayarwa a ƙare da ita. Dalili shi ne jikin motar gaba ɗaya a haɗe yake da wannan waya, don haka idan aka fara da mai alamar tarawa sufana ta taɓa ƙarfe, wuta za ta tashi. Buga kan batir da dutse ko cusa masa ƙusa yana tayar da mota yau, ya fasa batirin gobe.

Da ƙaramar mitar awon wuta mutum zai raba gardama tsakanin batir da caji. Cikakken batir, mota a kashe, yana nuna kusan bolt 12.6. Idan an tayar da inji ya kamata ya hau zuwa tsakanin 13.8 da 14.5. In bai hau ba, matsalar ta caji ce ko bel ɗinsa, kuma sabon batir ma zai mutu cikin kwanaki. Tsohuwar dabarar cire kan batir inji na aiki don a gwada caji ta dace da zamanin 504. A mota mai kwamfuta tana iya ƙona kwamfutar, kuma kuɗinta ya ninka na mitar sau da yawa. Haka nan fiyus: idan ya ƙone a sa mai lamba irin tasa. In sabon ya sake ƙonewa, akwai wayar da ke taɓa jiki, sai a nemi mai rewaya. Naɗa masa waya ko takardar sigari shi ne mafarin yawancin gobarar da muke gani a cikin mota, domin fiyus an yi shi ne ya mutu a madadin motar.

Maganar taya ta wuce maganar kuɗi, domin iyalinmu ne a kanta. Iskar da ta dace da kowace mota tana rubuce a wata takarda a jikin ƙofar direba ko murfin tanki, galibi tsakanin 30 da 35. Lambar da ke jikin taya ita ce iyakar abin da za ta iya ɗauka. Masu faci da yawa sukan wuce 40 da kyakkyawar niyya, wasu ma da ƙafa suke awo. Ma'aunin iska na aljihu ba shi da tsada, kuma ana awo ne taya na sanyi. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana ƙara shan fetur, tana kuma yin zafi a doguwar tafiya har ta fashe. Wadda ta yi yawa kuma tsakiyarta ke cinyewa, riƙon titi ya ragu.

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu daga wannan kwanan wata. Mun san halin da ake ciki, mun san da yawanmu tayar Beljiyam muke saye. To ko a cikinsu akwai zaɓi. A duba shekara, a duba tsagewa da kumburi a gefe, a duba zanen bai kusa shafewa ba, domin ƙasa da milimita 1.6 taya ta gama aiki. A kuma guji mai hoton dutse da ƙanƙara a jikinta. Wannan tayar hunturun Turai ce, robarta mai laushi ce, kwaltar watan Maris tana cinye ta da sauri. Idan kuɗi bai kai na huɗu ba, a sayi biyu masu kyau maimakon huɗu na banza.

Canza taya kuwa ya kamata kowa a gida ya iya, har uwargida da manyan yara. A ja birkin hannu, a sa giya, a tokare wata tayar da dutse, a sassauta notuna tun mota na ƙasa, sannan a ɗaga da jak a wurin da aka tanada a jikin motar. Wajen ɗaurewa a riƙa tsallakawa daga noti zuwa na daura da shi, a ƙarasa matsewa bayan an sauke. A gwada wannan sau ɗaya a ƙofar gida da rana, domin ba a koyon iyo ranar da kwale-kwale ya kife. A ranar ne ma wasu za su gano safayarsu ba iska, ko jak ɗin ya tafi tare da wanda ya ara bara.

A nan dole mu ja layi. Jak an yi shi ne don ɗaga mota, ba don riƙe ta a kan mutum ba. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai, ko a kan bulo na siminti, wanda yakan farfashe ba tare da gargaɗi ba. Kada kuma a bar inji na aiki a rufaffen gareji ko zaure. Hayaƙin yana ɗauke da iskar nan mai kisa wadda ba ta da wari, irin wadda ke hallaka iyalai da suka kwana da janareta a cikin gida. Tsohon baƙin mai a zuba a galan a kai wa masu juye. Ba a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, ba a kuma shafa shi a ciwo ko ƙaiƙayi, na mutum ko na dabba.

Birki na daga cikin abin da muke cewa a duba amma kada a taɓa. Mai mota zai iya leƙa robar man birki ya ga ko yana tsakanin alamominsa. Idan yana sauka a hankali, takalman birki ne ke cinyewa. Idan ya sauka da sauri, akwai yoyo, kuma motar ba ta motsawa sai an gano shi. Man birki yana shan danshi daga iska, shi ya sa ake so a canza shi duk shekara biyu, a kuma yi amfani da sabuwar kwalba mai lambar da ke kan murfi, DOT 3 ko DOT 4. Ruwan omo da wasu direbobi ke zubawa yana tafasa idan birki ya yi zafi, ƙafa ta tafi har ƙasa a daidai gangaren da ake bukatarta. Gyaran birki kansa, da sitiyari, da bel ɗin cikin inji, a bar wa bakanike. Wannan bel ɗin, a mota irin 406, idan ya tsinke ana tafiya yakan lanƙwasa bawul, don haka wanda ya sayi mota bai san yaushe aka canza shi ba, ya canza ya huta. Haka batun mayar da mota mai amfani da iskar gas, wanda tsadar fetur ta sa da yawa ke tunaninsa. Iskar tana zaune a tukunyarta da matsi mai tsanani, kuma a watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan mai a Benin saboda tukunyar da aka haɗa da walda. Aiki ne na cibiyoyin da aka amince da su kawai.

Sai wata dabara ta tsimin mai da ta yaɗu, wato sakin mota firi a gangara, wasu har da kashe inji. Motoci masu injekta suna yanke fetur da kansu idan aka ɗaga ƙafa daga totur mota na cikin giya, saboda haka firi ba ya rage komai, yana ma raba direba da taimakon da inji ke yi wajen rage gudu. Kashe inji kuwa yana ɗauke ƙarfin birki bayan taka ɗaya ko biyu, sitiyari ya yi nauyi. Mai son tsimi ya daidaita iskar taya, ya tsabtace filtar iska, ya canza fulogi idan lokacinsu ya yi, ya sauke tarkacen da ke but, ya kuma rage gaggawa.

Kada a ɗauki wannan jawabi a matsayin yaƙi da makanikai. Da yawansu ɗalibanmu ne, wasu kuma sun fi mu sanin motocin nan nesa ba kusa ba, domin kullum hannunsu na ciki. Amma bakanike kamar likita ne, bayanin da aka ba shi da shi yake aiki. Wanda ya ce "motar ce ba ta jin daɗi" ya buɗe ƙofar gwaji da kuɗinsa. Wanda ya ce tana ƙara ta gaban dama idan an karya kwana, ko tana zafi a cunkoso amma ba ta yi a babban titi, ya rage rabin aikin. A nemi a ga tsohon kayan da aka cire. A kuma ajiye ƙaramin littafi a cikin mota, a rubuta kwanan wata, kilomita, abin da aka yi da abin da aka biya. Mu da ke cika rajista da tsarin darasi kowane mako ba za mu kasa layi ɗaya a wata ba.

Daga ƙarshe, Shugaba, muna da buƙata a gaban wannan taro. Kayan aikin da muka ambata ba su da yawa: saitin sufana, ma'aunin iska, mitar wuta, wayoyin tayar da batir, ƙafafun ƙarfe biyu na tokare mota, da ƙaramar na'urar karanta laifin inji, wadda ke shiga motocin Amurka daga 1996 da na Turai masu fetur daga 2001. Ga mutum ɗaya nauyi ne, ga reshe kuwa ba wani abu ba ne. Muna ba da shawarar a saye su daga asusun walwala, a ajiye a ofishin reshe da rajistar aro. Mu kuma mun ɗauki alkawarin fitowa Asabar ta farko a kowane wata, daga ƙarfe takwas zuwa goma na safe, a wannan fili, kowa ya zo da motarsa da tsummansa da wanda yake so ya koya daga gidansa. Malamai mata da ke son a ware musu lokaci nasu su sanar da sakatare. Takardar rubuta suna tana bakin ƙofa.